Tulun Inna da Garin Katako

Ina shekara takwas a Zongon Kumasi ruwan rinin Inna ya kashe agwagin maƙwabciyarmu. Mai gidan haya ya ce ko mu daina zubarwa a kwata, ko mu tashi.

Da la'asar Inna ta dawo daga Anloga, unguwar kafintoci, da buhun garin katako. Har yau ina jin ƙamshinsa. Ta cika wani hujajjen tulu da shi, ta haɗa da gawayin ɓawon kwakwa.

"Zuba a hankali," ta ce mini.

Na zuba jan ruwan rinin, muka tsuguna. Can sai ga shi yana ɗiga garau a cikin kwanon da muka tara a ƙarƙashin tulun! Na ruga ina ihu, "Ku fito ku gani!"

Mai gida ya daɗe yana leƙen kwanon, sannan ya ce wa Inna, "Hajiya, ku yi zamanku."