Dillalin da Ya Ɓoye Dashensa

Alhaji, na ga ka tsallake layi na uku a takardar asibitin nan, inda ake tambaya ko an taɓa dasa maka wani abu a jiki. Kafin ka sa hannu, saurari wannan.

An yi wani dillalin shanu a kasuwar kara, mutum mai ido, wanda bai taɓa yarda ana tambaya don Allah ba. Ko farashin ɗan maraƙi ka tambaye shi, sai ya dubi takalminka kafin ya amsa. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa har ya kashe masa gaba. Ya tafi wani asibiti mai nisa aka yi masa tiyata, aka dasa masa wata 'yar na'ura a mazakutarsa, lafiyar aurensa ta dawo. Daga shi sai matarsa suka sani. Katin da likita ya ba shi, mai ɗauke da sunan na'urar da irinta, ya cusa shi ƙasan akwati. Bayan shekara shida bayansa ya riƙe, ƙafar hagu ta fara mutuwa, aka tura shi hoton MRI, wanda ke nuna cikin jiki. Ma'aikacin ɗakin hoton, wani dattijo mai furfura, ya sa ya tuɓe agogo da zobe, sannan ya tambaye shi ko akwai ƙarfe ko wani abu da aka taɓa dasa masa a jiki. Dillali ya ji harshen mutumin irin na garin surukansa ne. Nan take zuciyarsa ta ba shi an tsegunta. Wa ya faɗa? Matarsa? Direban da ya kai shi asibiti waccan shekarar? Ya ce babu komai. Dattijo ya lura da yadda ya kawar da kai, ya ce, "Alhaji, injin nan maganaɗisu ne, ko almakashi aka shigo da shi fizge shi yake. Ban sa ka a ciki sai na tabbata." Dillali ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba.

Wata huɗu ya yi yana jinya a gida. Ya daina yi wa direbansa magana, ya sa wa matarsa ido, duk wanda ya yi dariya a kasuwa sai ya ɗauka da shi ake. Ya sha jiƙo, an yi masa ƙaho, ƙafa kuwa kullum ƙara ja take. Ranar da ya faɗi tsakiyar kara, bijimi ya kusa taka shi, aka kwashe shi zuwa wurin dattijon nan dai. Wannan karon ya rufe ƙofa da kansa ya faɗi gaskiya, yana kallon ƙasa. Dattijo ko gira bai ɗaga ba. Ya ce a kawo katin, ya duba sunan na'urar a littafinsu, ya ce yawancin irin waɗannan ba sa hana hoto, wasu tsofaffin ƙira ne kawai ke da ƙarfen da maganaɗisu zai ja ya ji wa mutum ciwo, kuma tasa ba ta cikinsu. Minti arba'in aka gama. Hoto ya nuna ƙashin baya ya danne jijiya. Likita ya yi aiki, ciwo ya tafi, amma ya ce da an zo da wuri da ƙafar ta tashi duka. Har yau da sanda yake zuwa kara, kuma bai taɓa jin maganarsa a bakin kowa ba.

To, ga biro, koma layi na uku. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.