Harsashin da Ubale Ya Zaɓa

Harsasai biyu Abdulghani ya ɗora a kan faranti, kusa da butar gahawa, ya tura gaban direbansa.

"Yalla, ya Ubale, zaɓi ɗaya. Bana da kai za mu Sudan."



Abdulghani haifaffen Jidda ne, jikan mahajjatan da suka zo a ƙafa daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Motocinsa ke jigilar alhazai, kuma shi ne kafilin Ubale, wato iƙamar Ubale, takardar zamansa a ƙasar, da tuwon gidansa duk a hannunsa suke. Majalisin gidansa na unguwar Sharafiyya kuwa da ƙyar kake ganin bango saboda kawunan ɓauna da gwanki da mariri. Kowace shekara idan an sallami alhazai sai ya saɓi doguwar bindigarsa ya ɓace wata guda, ya dawo da sabon kai, ya yi ƙiba ya yi haske abinsa. Tsoho Na'ibi ke raka shi, shi ke kuma ba wa baƙi labarin yadda aka yi, maigida yana jan carbi yana murmushi. Bara Allah ya yi wa Na'ibi rasuwa.

Bakin Ubale ne ya ja masa. Ranar da ya zo neman aikin tuƙi ya ga kawunan, sai ya ce ai shi a gida giwa yake kashewa. Tun daga nan giwayen suka yi ta hayayyafa a bakinsa. Alhali ɗan Fagge ne, ɗan gidan tela, ko kaza maƙwabci ke yanka masa.

Baƙin majalisi suka kasu biyu, kowa na nuna sani. Wasu suka ce siririn, magnam ɗari uku, shi ne harsashi: ga gudu, ga tafiya miƙe, daga can nesa zai samu dabba. Wasu suka ce a'a, ɓauna sai mai kaurin, magnam ɗari uku da saba'in da biyar. Yana harbin kafaɗa kamar jaki, amma idan ka matsa kusa, ɓauna ba ya ƙara taku.

"Matsa kusa" kawai Ubale ya ji. Duk abin da zai nisanta shi da ɓauna ɗan'uwansa ne, don haka ya ɗauki siririn. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shinshina shi, ya gyaɗa kai irin na manya.

Da aka nemi dalili, bakin nan nasa bai ba shi kunya ba. Ya ce da irinsa ya taɓa harbin wani baƙin ɓauna daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Saboda tsabar gudun harsashin, ɓaunan bai san an harbe shi ba, ya ci gaba da kiwo, sai da ya sunkuya shan ruwa sannan labarin mutuwarsa ya iske shi. Wani baƙo ma har gahawarsa ta huce a hannu.

Abdulghani ya daɗe yana kallonsa kamar mai tayin rago, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan."

A gida matar Ubale, Jamilatu, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya.

"Malam, ka je ka faɗa masa gaskiya."

"In faɗa masa ya soke iƙama? Mu koma Fagge in ce da mutane me?"

Ko ƙahon ɓauna, ko jirgin kora. Ubale ya zaɓi ɓauna, don shi aƙalla ba ya yi da mutum. Ya rinƙa hawa soro yana gwada saiti da tabarya, ya yafe wa duk wanda ya ɓata masa, ya bar wa Jamilatu wasiyya har kashi biyu. Tsoro ya cinye shi har wandonsa ya soma yi masa yawa. Babu wanda ya nemi fasfonsa, sai ya ce a ransa harkar masu arziki ke nan.

Ranar tafiya da hantsi aka loda bindiga da akwatin harsasai, maƙwabta na ta addu'a. A hanya salansar wata babbar mota ta yi ƙara, Abdulghani ya duƙe har ƙasan kujera. Ubale ya jinjina a ransa: maharbi kullum a shirye yake.

Da ya karya kan mota zai nufi tashar jirgin ruwa, maigida ya ce ya miƙe arewa. Suka shiga unguwar Ruwais, lungu bayan lungu, har ƙofar wani gida mai rufaffun tagogi da ke warin kifi da jima. Saleh, wani Bahaushen Sudan mai fataucin fata, ya buɗe musu, ya sa aka shigar da motar, ya datse ƙofa. Ubale ya ɗauka nan za su jira jirgi, ya zauna a bakin tabarma.

Saleh ya yaye wani buhu a kusurwar ɗaki. Ƙaton kan ɓauna ne, a busasshe, an goge ƙahonsa da mai. Abdulghani ya duba shi ya yaba, ya cusa bindigar a ƙarƙashin gado, ya miƙe a kan katifa ya ce a soya kifi.

"Wata guda muna nan, kada ka leƙa ko taga," in ji shi. "Ni ko tsuntsu ban taɓa harbi ba, kai ma na san ba ka taɓa ba. Yalla, zauna ka shirya mana labarin yadda na kashe wannan."