Kwanon Kamfanin Auduga

An daɗe ana cewa leburori ne suka kwashe kwanon rufin wani tsohon kamfanin auduga a Gusau. Ni dai ban yarda ba. Na taka har unguwarsu ina duba rufin gidaje, ban ga komai ba sai ruɓaɓɓen kwano da aka danne da duwatsu.

Na tarar da Malam Sahabi, tsohon lebura, yana gyaran keke.

"Malam, na zo in wanke ku. Wa ya kwashe kwanon?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, mu munka ɗauka, amma aikenmu anka yi. Marigayi mijinki shi ne manaja."

"Ina kuka kai kwanon?"

"Gidanki munka rufe da shi."