Kifin Njuwa

"In an tambaya, kifin Tafkin Njuwa ne, na nan gida," in ji Alhaji Haladu. "Sai wanda aka kama a Najeriya ake fitarwa waje ba haraji."

Yakaka, mai yi masa aiki, ta ci gaba da juye bandar cikin sababbin kwalaye. Ta san ƙamshin nan. Kifin tsibiran Tafkin Chadi ne, tsallaken iyaka, inda Boko Haram ke iko. Daga can ta gudo Jimeta da 'ya'yanta.

Direban da ya kawo kayan ya daɗe yana kallonta. Alhaji na fita, ya matso.

"Ke ce Yakaka? Mijinki, Kwamanda Garbai, ya sa mu duba kowace kasuwa. Ya ce ki shirya yaran. Gobe zan koma da ku."