Huda Huɗu a Cikin Baba

An sare bishiyar ƙofar gida. Shagon mai aski ya koma na sayar da waya. Keken ɗinkin Baba kuwa an lulluɓe shi da tsohon zane, kamar gawa. Abin da Auta ya tarar ke nan da ya dawo gida bayan shekara bakwai.

Ƙari ne a hantar Baba, dab da babbar jijiyar jini. Likita ta ce ba sai an farke ciki ba: huda huɗu za a yi, a zura kyamara da siraran ƙarafa, a ɓamɓaro shi a hankali. Amma in jijiyar ta tsage, jini ba ya jira.

Baba ya ce atafau. Shekara arba'in yana ɗinki, bai taɓa ganin telan da ya yanka yadi ta kafar ƙofa ba.

Auta ne ya tsare likita da tambaya: ƙarin ya kama bangon jijiyar ko da saura, ya bazu ko bai bazu ba. Ta amsa, sannan ta daɗe tana kallon farin idonsa. Yayarsa ta yi dariya, ta ce ashe yawon duniya ma digiri yake bayarwa. Inna kuwa damuwarta abincin da yake turewa.

Ranar sa hannu a takardar tiyata, Auta ya zauna a bakin gadon Baba.

"Baba, na san wani a can da aka yi wa hudar nan. Kwana uku ya miƙe da ƙafarsa."

"Ya warke?"

"Ya koma gida wurin iyayensa."

Baba ya karɓi biro.

Awa shida aka yi. Likita ta fito ta ce an ciro shi tas, ko ƙwarzane jijiyar ba ta yi ba. Da an ƙara wata biyu, in ji ta, da sai dai a leƙa a rufe. Kowa ya yi hamdala. Auta ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba.

Ranar da Baba ya yaye zanen kekensa, Auta ya sauko da jakarsa. Inna ta ce dama ƙafarsa ba ta san zama ba, ta juya tana share ido.

Ya kulle ɗaki kafin ya tuɓe riga, kamar kullum tun zuwansa. A cikinsa akwai ƙananan tabo huɗu, inda nasa likitocin suka leƙa suka rufe.