Bayan Fanfon Unguwarmu

"Inna, sauron nan ma mutanen cikin wayarki ne suka aiko shi?"

Na taɓa goshin ɗiyata, da zafi. Mu biyar muka kawo fanfo unguwarmu a Mallawa, a waya kawai muke haɗuwa. Na Damagaram ya sayo tuyo, wato bututun ruwa, na Magarya ya kafa tanki, ni ke tura hoton mata suna ɗiban ruwa. Kowa ya gama nasa.

Yau na ja da baya kafin in ɗauka, hoton ya kamo kududdufin da rarar ruwan ta tara a gindin katangarmu. Da na tura musu shi, wani ya rubuto: "Wannan kuma aikin wa ne?"

Kai da ake tura wa hotuna, kada ka yi saurin cewa barka. Inda hoton ya ƙare, nan yaranmu ke kwana.