Fitilun da Ke Jin Kunyata

Na sauka daga mashin, fitilun suka kawo tar. Na hau, suka mutu.

Ni na ɗaura su da hannuna, don hanyar gonata bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ta bi, kuma yau bayan magariba layin ruwana ne. In ban je ba, dawata ta ƙone. Na ja waya daga batir, na ɓoye makunnin ƙarƙashin kujera don kada 'yan aro su shanye mini wuta.

Na kira maƙwabcina Salih, na ce masa: "Ya zol, mutumina, wallahi an yi wa mashin ɗin nan asiri. Hassada ce!"

Salih siriri ne kamar kara. Ya hau, ya zagayo, haske har kashe ido. Ya sauka na hau. Duhu.

Na shiga tofa addu'a. Matata Yalwa ta leƙo, ta ga yadda kujerar ta lotsa ta danne makunnin.

"Baban Rayan, bar tofin nan. Mai asirin na san shi. Kullum tuwon asida kwano biyu nake zuba masa."

Haka na tafi gona a tsaye bisa mashin, duk garin Mai Wurno na kallo.